Jawabi kan shan magani bayan an dawo daga likita

 

Wanda aka kwantar a likita, akwai ma'aikaci a kansa mai ba shi magani kan lokaci. Amma yawancinmu ba a kwantar da mu. Ana duba mu, a rubuta mana takarda, mu sayi magani, mu koma gida. To, a gidan nan ne ɓarna take aukuwa.

Mu ɗauki masassarar cizon sauro. Nibakin da muka sani da, ƙwayar cutar ta daina jin sa, shi ya sa aka koma ga irin su Coartem. Babban mutum yana shan ƙwaya 24 cikin kwana 3, huɗu huɗu, sau biyu a yini, tare da abinci ko nono. Sai mutum ya ji sauƙi a rana ta biyu, ya ajiye saura don wani ciwo. Cutar ba ta mutu ba, kwantawa ta yi, za ta taso.

Ga kuma parasetamol. Doliprane da Efferalgan duk shi ne, suna kawai ya bambanta. Wanda ya haɗa su yana zaton magani biyu ya sha, alhali ninki ya yi. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 mai miligiram 500 a yini, don abin da ya zarce haka yana cin hanta. Maganin yaro kuwa da nauyinsa ake auna shi, ba a raba masa na uwarsa. Maganin tarin fuka yawanci wata 6 ne. Na hawan jini ba a barin sa don kai ya daina ciwo.

Nan ne aikin mai farmasi yake. Ba ɗan tireda ba ne. Ya yi karatun magani, ya san wanda ba ya haɗuwa da wani, da wanda mai ciki ba ta sha. Saboda haka kada mu bar gabansa sai mun tambaye shi abu huɗu: ƙwaya nawa, sau nawa a yini, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa. Wanda bai iya karatu ba, ya ce a ja masa layi a bayan kwali. Mu gaya masa duk abin da muke sha, har da sassaƙe da jiƙo. Mai azumi ya tambaya kafin ya sauya lokacin shan maganinsa.

Masu yawo da magani a tire cikin ranar kasuwa, ba su san wannan ba, zafi kuma yana lalata kayansu. Araha ba ta ado.

Muna roƙon kowane mai gida, in tsoho ko mara karatu zai tafi likita, a haɗa shi da ɗan makaranta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.