Makbet da Kujerar da Ta Cinye Mai Ita

 

Mun zaɓi mu tattauna kan Makbet, wasan kwaikwayon da William Shakespeare ya rubuta a wajajen 1606. Idan muka tambayi ɗalibanmu wanda ya halaka Makbet, mafi yawansu kan ɗora laifin a kan bokayen mata uku, ko a kan matarsa. Wannan amsa tana wanke mai laifi, kuma haƙƙinmu ne mu gyara ta.

A farkon wasan Makbet barde ne amintacce. Ya murƙushe 'yan tawaye da mayaƙan Norwe, har Sarki Dankan na Sikotilan ya saka masa da sarautar Kodo. Bokayen sun yi masa albishir da gadon sarauta, amma ba su ce ya zubar da jini ba. Abokinsa Banko yana tsaye a wurin, shi ma an gaya masa cewa zuriyarsa za ta yi sarauta, bai kuwa ɗaga wuƙa a kan kowa ba.

Makbet ya san abin da yake aikatawa. Da bakinsa ya lissafa dalilan da suka hana kisan: Dankan ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne, kuma sarki ne adali. Ya nemo dalili ɗaya da zai halatta masa, bai samu komai ba sai dogon buri. Matarsa ta zuga shi, gaskiya ne, amma hannunsa ne ya kashe baƙo yana barci a gidansa.

Daga nan kowane laifi sai ya nemi wani da zai rufa masa asiri. Ya kashe dogaran sarki biyu don kada su yi magana. Ya sa aka kashe Banko saboda tsoron zuriyarsa. Ya sa aka hallaka matar Makdaf da 'ya'yansa, waɗanda ba su tsare masa komai ba. Kafin kisan farko ya yi ta kokawa da zuciyarsa. A na ƙarshe ko shawarar matarsa bai nema ba. Ya hau gadon, barci ya ƙaurace masa. Matarsa ta koma yawo cikin barci tana wanke hannu, har ta mutu. Kafin takobin Makdaf ya same shi, ya riga ya rasa abokai da mutunci da ɗanɗanon rayuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

'Yan'uwa, buri abin so ne. Mu da kanmu muke dasa shi a zukatan yara. Sai dai mu haɗa musu da iyakar da ba a ƙetarewa. Yaron da ya saci amsa a jarrabawa sai ya yi ƙarya don ya ɓoye satar. Mu ma muna neman ƙarin girma, muna takarar kujerun ƙungiya, yaran kuwa suna kallon hanyar da muke bi.

Allah ya ba mu wadatar zuci.