Bindigar Miliyan Biyu: Gardamar da Muka Yi da Ƙanena

Masu saurare daga Gusau, Tsafe, Bungudu, da 'yan uwanmu na 'Yankuzo da suka watsu ko'ina, Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.

Yau ba ni da baƙo. Ni kaɗai ne, kuma maganar da zan yi ta cikin gida ce, sai da na nemi izinin mai ita kafin na zauna gaban makirfo. Ya ce in faɗa, amma kada in kama suna.

Ƙanena ne, ɗan baffana, shekararsa 22. Bayan girbi ya sayar da waken suyarsa, ya haɗa da kuɗin wani ɗan bijimi da ya yi kiwo, kuɗi suka taru a hannunsa irin wanda bai taɓa riƙewa ba. Ya same ni a Tsafe bayan la'asar, ya ja ni gefe, ya ce, "Yaya, shawara nika so. In mutum zai sayi ƙaramar bindiga karo na farko, mai tsada ta waje ta fi, ko ƙirar gida mai araha?" Wallahi sai da na waiga na ga ko akwai wanda ya ji. Shi kuwa ko a jikinsa, kamar wanda ke tambayar wace waya ta fi riƙe caji.

Sai ya ciro waya ya nuna mini wani bidiyo da na san da yawanku kun gani. Mutumin nan ɗan Turkiyya, Yusuf Dikeç, a gasar Olamfik ta Paris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu, babu wasu na'urori a fuska sai tabarau na yau da kullum, ya ci lambar azurfa shi da abokiyar wasansa. Ƙanena ya ce irin wannan yake so, wadda ba ta kuskure. Wani ya ce masa in ya ƙara kuɗi za a samo masa "mai saiti".

Ban yi masa tsawa ba. Na san in na yi, ba zai sake tambayata ba, zai je ya tambayi mai sayarwa. Na ce to zauna mu yi lissafin kamar 'yan kasuwa.

Na fara da bindigar cikin bidiyon. Jama'a, wannan bindigar iska ce. Babu albarushi a cikinta. Iska ce da aka matse ke tura ɗan ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa wajen rabin giram. Ana harba ta ne a kan takarda daga nisan mita 10, kuma tsakiyar da ake nema faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsanka ba. Ƙwaya ɗaya ake sa mata, a harba, a sake sa wata. Kamfanoni irin su Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Pardini na Italiya da Walther na Jamus su ke ƙera na gasa, kuma masu kyaun cikinsu suna kaiwa tsakanin yuro 1,500 zuwa 2,500. In ka juya shi naira ka haye miliyan biyu, kafin kuɗin shigo da ita.

To me mutum ke saya da wannan kuɗin? Kunama ce mai laushi wadda ake iya daidaitawa, don dokar gasar ta ce kada nauyin jan ta ya gaza giram 500, su kuma ƙwararru suna so ta tsaya daf da wannan iyaka. Mariƙi ne da aka sassaƙa daidai tafin hannun mai ita. Sai daidaiton nauyi, da rashin girgiza lokacin da ƙwayar ta fita. Duk wannan gaskiya ne, ba yaudara ba ce. Amma amfaninsa yana bayyana ne ga wanda hannunsa ya riga ya natsu, wanda tazarar da ke tsakaninsa da abokin karawarsa ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Sabon shiga kuskurensa a hannunsa yake, da numfashinsa, da yadda yake fizgar kunama. Shi ya sa a ƙasashen da ake wannan wasa, mai koyo yakan fara da bindigar kulob, ya yi watanni kafin a ce masa ya sayi tasa. Shi kansa Dikeç shekararsa 51 lokacin, tsohon jami'in tsaro ne, kuma Paris ce Olamfik ɗinsa ta biyar tun daga 2008. Abin da kuka gani a bidiyon shekara ashirin da wani abu ne na atisaye. Na ce wa ƙanena, ko a matsayin wasa, sabon shiga da ya zuba miliyan biyu a nan ya yi kamar wanda bai iya keke ba ya sayi Hilux.

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Yaya, ni ba wasa zan yi ba, ka sani."

Na sani mana. Kuma nan ne maganar ta yi nauyi.

Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da ke sa yaro ɗan 22 ya yi tunanin bindiga maimakon aure ko shago. Gonar da ba ka zuwa sai an biya. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa da kake bi kana karanta duk addu'ar da ka haddace. A Satumban 2021 an rufe mana layukan waya da kasuwannin mako, muka zauna ba ciniki ba labari. A Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida a Bungudu aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunansu. Wanda ke zaune a Abuja yana iya cewa tunanin bindiga hauka ne. Ni ba zan ce haka ba.

Kuma ba yaran ne suka ƙirƙiro maganar ba. Manya ne. A Maris 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce mutane su nemi makami. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta fitar da sanarwa cewa 'yan Zamfara su nemi lasisin bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Amma me ya biyo baya? Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. 'Yan sanda suka ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake cewa sun daina bayarwa. Wato an ce maka ka saya a rediyo, amma ranar da aka kama ka da ita, wanda ya faɗa ba zai zo kotu ya tsaya maka ba.

Bari in tsaya kan doka kaɗan, don da yawanmu ba mu san yadda take ba. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda yake. Bindigar farauta ta zamani da bindigar iska, wannan sai Sufeto Janar. Kun ji ko? Har ta iskar nan ta cikin bidiyo sai da lasisi. Sai kashin da aka haramta, wanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a nan ƙaramar bindiga take, layi ɗaya da bindigogin soja. Babu ruwan doka da ko ƙirar Italiya ce ko maƙerin ƙauye ne ya haɗa ta. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Na ce masa, ka shiga kana 22, ka fito kana 32, Inna kuma wa zai yi mata noma?

Ya ce ai ba za a kama shi ba. Kowa haka yake cewa. Shinge nawa ne tsakanin Tsafe da Gusau? Kuma a yanayin da muke ciki, matashin da aka samu da bindiga a ƙugu ba za a tsaya tambayarsa ko don kare Innarsa ya saya ba. Sunan da za a fara kiransa da shi infoma ne ko mai safarar makamai, hotonsa ya zaga WhatsApp kafin magariba.

Sai na zo kan abin da ya fi damuna. A ce ma babu doka. Waɗanda kake tsoro ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Babura ne da yawa, kowanne da mutum biyu ko uku, da AK-47 mai cin harsashi 30, mai kai wa mita 300. Ƙaramar bindiga, ko a hannun wanda ya iya, abin kusa ce, 'yan mitoci. A hannun wanda bai taɓa harbi ba, cikin dare, jiki na rawa, yara na kuka? Tsadarta ba za ta rage wannan tazara ba ko da taku ɗaya. Abin da za ta canza shi ne yadda za su ɗauke ka. Kowa a nan ya san bambancin abin da ake yi wa wanda aka kama hannu sake da wanda aka samu da makami, da abin da ake yi wa gidansu bayan nan. Masu shekaru suna tuna 'Yar Galadima a ƙaramar hukumar Maru, Afrilun 2014, inda aka afka wa taron 'yan sa-kai da mutanen gari aka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Waɗancan taro ne guda, da makamansu.

Akwai kuma tambayar da bai yi wa kansa ba: wa ke sayarwa? Ba shago ba ne mai rasit. Mutumin da zai iya samo maka bindigar waje a Zamfara, kana jin kai kaɗai ne kwastomansa? Wanda ya sayar maka yau ya san gidanku, ya san kana da kuɗi, ya san abin da ka ɓoye. In ya cuce ka ya ba ka ruɓaɓɓiya da aka shafa wa fenti, wurin wa za ka kai ƙara? Mai arahar kuma, ƙirar gida, ita ce wadda kan fashe a hannun mai ita. Sai ka ga zaɓin da ya kawo mini, mai tsada ko mai araha, duka biyun rami ɗaya suke kaiwa.

Na ce masa in da gaske tsaron gari yake so ya yi, akwai ƙofar da ba ta ɓoye ba. A ƙarshen Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, da horo da kaki da shugabanci. Ina da ƙorafe-ƙorafe a kansu, na sha faɗa a wannan shiri, musamman kan kama mutane bisa zargi kawai, kuma su ma ana kashe su. Amma aƙalla wanda ke ciki an san da shi, ba shi kaɗai ba ne da ƙarfe a ƙarƙashin katifa. Akwai aikin soja da na ɗan sanda in an buɗe ɗauka. Ya ce Inna ba za ta yarda ba. Na ce to ita Innar ta yarda da wadda kake shirin saya? Ya yi shiru. Ashe bai gaya mata ba.

Mun rabu ranar bai ce mini ya fasa ba. Bayan kamar mako biyu ya kira ni, ya ce ya kama ɗaki biyu a Tsafe ya biya na shekara, zai kwaso Inna da ƙannensa mata, shi kuma ya riƙa shiga gona in hanya ta yi kyau. Sauran kuɗin ya ajiye na taki. Na yi hamdala, amma ban yi murna sosai ba, don wani gida ne kuma ya rufe a 'Yankuzo.

Kafin ya kashe wayar ya ce, "Yaya, na ji maganarka duka. Amma daren da nika kwana gona, in sun zo, mi zan riƙa?" Na ce masa ya bar kwana a gona. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Na ce na sani.

Nan za mu tsaya yau. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu ina ƙoƙarin kawo muku lauya daga Gusau, mu tambaye shi abin da iyali za su yi a awa 24 na farko in an kama ɗansu bisa zargin infoma. Ku tura wa wanda kuka san yana da irin tunanin ƙanena.