Ba Tsufa Ba Ne, Ba Kuma Sammu Ba: Jawabi Kan Ciwon Karkarwa

 

Jama'a, yau za mu yi magana ne a kan wani ciwo da ke kwantar mana da dattawa a nan Sabo, muna kallo muna cewa tsufa ne. Wasu ma sammu suke cewa, a yi ta kashe kuɗi a banza. Likitoci suna kiransa cutar Fakinsan, da sunan wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a shekarar 1817. Ita ce ta kama shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali a 1984, ya rayu da ita har zuwa 2016.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Mutum yana zaune hannunsa guda na karkarwa, kamar yana jan carbi alhali babu carbi. Tafiya ta koma jan ƙafa, hannu ya daina lilo. Gaɓoɓi su sandare, tashi daga sujada ya zama aiki. Rubutunsa a littafin bashi ya ƙanƙance, murya ta yi ƙasa.

To, me ke kawo wannan? A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu samar da wani sinadari, dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. Su ne ke mutuwa sannu a hankali. Kafin alamu su fito fili, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Kamar ɗan kasuwa ne da kaya ke raguwa a sitonsa shekara da shekaru, bai farga ba sai ranar da mai saye ya zo.

Wannan ba zato ba ne, ana ganinsa da ido. Akwai hoton ƙwaƙwalwa mai suna DaTscan, wanda aka amince da shi a Turai a 2000, a Amurka kuma a 2011. Ana yi wa mutum allura, a jira awa 3 zuwa 6, sannan na'ura ta ɗauki hoto. A wurin mai lafiya, haske yakan fito kamar waƙafi biyu, dama da hagu. A wurin mai ciwon, wutsiyar waƙafin ta ɓace, ya koma kamar ɗigo. In hannun hagu ne ke karkarwa, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya fi dusashewa. Kuma gwargwadon dusashewar hasken, gwargwadon nauyin jiki da sandarewa.

Amma kada kowa ya ce sai ya sayar da rumfa don neman wannan hoto. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yakan gane ciwon ta hanyar duba tafiyar mutum da motsin yatsunsa. Hoton sai in an shiga shakka, domin akwai karkarwar gado, akwai kuma wadda wasu magunguna ke kawowa, su kuwa hotonsu lafiya lau yake fita.

Magani fa? Akwai lebodofa, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960. Ba ya dawo da ƙwayoyin da suka mutu, amma yana cike gurbin dofamin, har mutum ya koma masallaci da kasuwa da ƙafarsa. A sha shi a kan lokaci, kada a daina farat ɗaya, a kuma riƙa motsa jiki kullum.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa, kada a ce sai an je gida Arewa da Sallah. Asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas suna da waɗannan likitoci. A yi addu'a, a kuma kai dattijo asibiti da wuri, domin addininmu bai hana neman magani ba. Kada kunya ta sa mu kulle shi a ɗaki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ne, amin.