Jawabi a taron makiyaya: muna da haƙƙi a gidajen binciken jami'a

Ardo da garso na kowace rugga, fataken bisashe, dillalai, iyayenmu mata masu nono, sannunku da hanya.

Yau ba zancen burtali ya tara mu ba. Zancen gidajen bincike ne na jami'a, waɗanda da yawanmu ke ɗauka na ƴan boko ne kaɗai. Mu ma da muka tsaya firamare haka muka ɗauka. Amma da kuɗin ƙasa ake tafiyar da su, kuma cikin kuɗin ƙasa akwai harajin da ake karɓa kan kowane sa a kasuwa.

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen noma da kiwo. Malamanta sun yi aiki da tashar Tukunus, kusa da Filinge, inda tun 1954 ake tace irin shanun Azawak. Ana ɗibar maniyyin bijimi na ƙwarai, a daskarar da shi, a ba saniya ciki ba tare da an kai ta gun sa ba. Bijimi guda sai ya wadaci garke da yawa. Fataken da ke shiga Najeriya kuwa sun san Shika, bakin Zariya. Gonar kiwo ce tun 1928, a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Suna aiki kan ciyawa kamar gamba, suna kuma haɗa bunaji da shanun Turai don nono.

Nan za mu ja kunne. Saniyar da aka haɗa tana ba da nono, gaskiya ne, amma a ɗaure, da dusa da angurya da ruwa kusa. Ba ta iya tafiyar Ingal lokacin lasar gishiri. Mai yawon kiwo ya yi tambaya sosai kafin ya sa ta cikin garkensa.

Muna da ƙorafi kuma. Bara waccan wasu masu bincike sun zo ruggarmu, suka ɗibi jinin shanu, suka yi ta tambaya, har da yawan garke, abin da Bafillace ba ya faɗa wa ko surukinsa. Muka ba su nono suka sha, suka tafi. Har yau ba mu ji abin da jinin ya nuna ba. Ciwon huhu kuma bai jira su ba, ya ci mana shanu a ranin nan.

Wasu sun ce a daina barin su taɓa bisashe. Ba mu yarda ba. Tsofaffinmu sun ga ɓarnar bushiya. Da allura da irin wannan awon jini aka bi ta, har a 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya.

Ga abin da ƙungiya ta tsaida. Duk mai zuwa bincike ya biyo ta wurin ardo, ya faɗi sunan gidan da ya aiko shi, ya sa ranar da zai dawo da amsa. Amsar ta zo da Hausa ko Fillanci, a taro ko a rediyo, ba takardar Faransanci ba.

Bayan girbi za mu aika wakilai Yamai su kai wannan magana. Kowace rugga ta ba magatakarda sunan mutum guda kafin a watse.