Maraɗi Gida Ce, Amma Akwai Iyaka A Tsakani

  Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya nuna mana shekaru masu yawa bayan wannan.

An ce in yi magana a kan tafiya ƙasar waje da yara da tsofaffi, saboda a nan mu da yawa muna da dangi ko abokan ciniki a Nijar, kuma in biki ya tashi a Maraɗi ba mutum ɗaya ke tafiya ba. Uwa za ta ɗauki goyonta, kaka ta ce ita ma sai ta ga jikanyarta a ɗakin miji, ƙawaye biyu uku su ce dama suna son sarin atamfa da cuku da dabino. Kafin ki ankara an cika mota. Na yi wannan tafiya da surukata da 'ya'yana da ƙawayena na kasuwa, abin da na gani shi zan faɗa.

Abin da ke ruɗin mu shi ne Maraɗi ba ta yi kama da ƙasar waje ba. Hausa suke yi, tuwo suke ci, daga Katsina zuwa can bai kai kilomita 100 ba. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta gaya mana cewa bayan jihadi sarakunan Katsina na da suka yi arewa suka zauna a Maraɗi, kamar yadda namu na Zazzau suka yi kudu suka kafa garin da yanzu ake kira Suleja. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. To, 'yan'uwa ne, babu shakka. Amma in kika wuce Jibiya da Magama kika nufi Ɗan Isa, kin shiga ƙasar wasu, da dokarsu, da jandarmominsu, da kuɗinsu. Jami'in kan iyaka ba zumunci zai tambaye ki ba, takarda zai tambaya.

A kan takardun nan zan daɗe, don su ke mayar da mutane gida. Da can an saba da takardar tafiya ta ECOWAS. Amma Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, saboda haka kada wata ta dogara da abin da ta sani shekara biyar baya. Ki je ofishin shige da fice ki tambaya da bakinki, sati biyu ko uku kafin ranar tashi. Kuma ki tuna iyakar nan ana rufe ta. An rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Matashi in hanya ta toshe zai hau babur ya bi daji. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da jariri fa? Don haka a saurari rediyo kafin a sa rana.

Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Kowa da nasa, har yaro, in ya kai wata 9. Allurar sau ɗaya ce a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, to ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa ba. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, sai likita ya duba shi tukuna, ba a kama hannun tsohuwa kawai a tsira mata.

Ga wani abu da ba mu cika tunawa ba. Mu a cikin birni riƙo al'adarmu ce. Yarinyar da ke kiran ki Umma wataƙila 'yar ƙanwarki ce, ko jikar kishiyarki. A gida babu mai tambaya. A kan iyaka akwai, saboda ana safarar yara, kuma jami'ai suna sa ido. Ki riƙe takardar haihuwar kowane yaro ta Hukumar Ƙidaya, da wasiƙar yardar mahaifinsa, da sa hannunsa da lambar wayarsa. Ni ban ga laifinsu ba a kan wannan. In 'yata ce wani ya ɗauko, zan so a tsare shi a tambaya.

Yanzu maganar tsofaffi. Iyayenmu ba sa faɗin ciwo, kunya suke ji kada a ce sun ɓata tafiya. Surukata za ta ƙi shan ruwa tun daga Kwangila har Katsina don kada ta sa a tsaya mata. Mai hawan jini ko ciwon suga, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi ke wuce awo 40. Maganin abin shi ne a yi shatar mota, a faɗa wa direba tun kafin a biya shi cewa za a riƙa tsayawa, kuma kwana za a yi a Katsina. Hanyar Jibiya ba ta dare ba ce, kowa ya san halin tsaron da ake ciki. A ba Hajiya gidan gaba. Maganinta a ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiya da sati guda, a cikin kwalinsa, ba a ƙulle a leda ba, don likitocin can da Faransanci suke rubutu, sai sun ga kwali za su gane abin da take sha. Af, a can in an ce za a tafi likita, asibiti ake nufi.

Yara kuwa nasu da sauƙi in an shirya: ruwa mai tsabta, ƙullin gishiri da suga saboda gudawa, gidan sauro, kayan canji a jakar hannu ba a but ba. Kowane yaro a sa masa 'yar takarda a aljihu mai sunansa da lambar mai masauki. Lambar can da 227 take farawa. Layin MTN ɗinki kada ki sa rai da shi, ki sayi na can.

Na bar ƙawaye a baya da gangan, don a nan zumunci ke ɓaci. Ba mugunta ba ce. Ita ƙawa sari ya kawo ta, tana son ta kwana a kasuwa. Ke kuma kina da mai kuka a baya da mai tari a gaba. Sai a fara 'yan maganganu a mota. Mu 'yan adashi ne, mun san abin da littafi ke yi. Kafin a fita Ƙofar Doka a zauna a rubuta: nawa kuɗin mota, yaro mai shekara bakwai kujera zai biya ko cinya zai hau, wa zai biya kuɗin duwan in kayan sari suka yi yawa. Ra'ayina, mai kaya ita za ta biya, ba a raba wa wadda ta zo da tsohuwa. A tara kuɗin abinci a hannun mutum ɗaya. A raba aiki kuma: wannan ita ce da Hajiya, waccan ita ce mai ƙirga yara duk inda aka tsaya, kafin mota ta tashi. A ware wa masu sari yini guda cur su je kasuwa, su kuma washegari su riƙe yara uwa ta huta.

Ƙirgan kuɗin can ma sai an koya. Da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai cuku ta ce miki ɗari, sefa 500 take nufi. Jika kuma sefa 1,000 ce. Na ga ƙwararriyar 'yar kasuwa, wadda ba a cutarta ko kwabo a kasuwar birni, ta tsaya tana murnar araha, sai da aka zo biya ido ya raina fata. Wasu suna karɓar naira, amma canjin da za su yi miki ba zai yi miki daɗi ba. Gara ki canza a wurin wanda mai masaukinki ya sani.

Tun watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Ranar da ya fara aiki tsofaffinmu za su miƙe ƙafa, ga makewayi a ciki. Kafin nan dai mota ce.

Wadda take da biki a can bayan salla, ta kawo takardun yaranta ajinmu na yamma mu duba tare, musamman ranar ƙarewar fasfo, don da ƙananan baƙi ake rubuta ta.