Ƙarfin Doki Nawa Ke Cikin Kan Jirgin Tururi?



A wajen 1782, James Watt na ƙasar Sukotland yana da injin tururi na sayarwa, masu masana'antu kuwa aikin doki suka sani. Sai ya yi musu lissafi da abin da suka saba da shi: doki na iya ɗaga laba 33,000 sama tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Wannan shi ne ƙarfin doki ɗaya, kimanin wat 746 a awon yau.

Injin Watt a girke yake wuri ɗaya. Richard Trevithick ne ya hau da tururi kan layin dogo a 1804 a yankin Wales, inda ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70.

Asirin ƙarfin ya fito fili a 1829, lokacin da kan jirgin Rocket na gidan Stephenson ya lashe gasar Rainhill. An ratsa tukunyarsa da bututun tagulla 25, zafin wuta yana bi ta cikinsu, ruwa yana tafasa nan da nan. Tururin da ya gama tura fistan kuma ana sako shi ta bututun hayaƙi, yana zuƙo iska ta cikin murhu kamar zugazugin maƙeri. Gwargwadon gudun jirgi, gwargwadon yadda wutar ke ci.

A nan ne ɗalibi ya kamata ya rarrabe abu biyu. Ƙarfin ja shi ke tayar da taragu daga tsaye. Ƙarfin doki kuwa sai an ninka ja da gudu ake samunsa, kuma tukunya ce ke yanka masa iyaka: in fistan ya shanye tururi fiye da yadda take dafawa, ja ya ragu ke nan. Misali, kan jirgin Big Boy, wanda kamfanin Union Pacific na Amurka ya fara karɓa a 1941 don hawan duwatsun Wasatch da kaya, ya ba da ƙarfin doki kusan 6,300 yana gudun mil 41 a awa. Na'ura ce ke zuba masa kwal, domin shebur a hannun mutum ba zai ƙosar da murhunsa ba. Mallard na Ingila bai kai rabin wannan ƙarfi ba, amma da manyan ƙafafunsa da taragu kaɗan ya kai mil 126 a awa a ranar 3 ga Yuli, 1938.

Irin waɗannan injuna, ko da yake ƙanana, su suka kwashi gyaɗar Kano zuwa Legas bayan layin dogo ya iso birnin a 1911, daga baya kwal ɗin Enugu ya zama abincinsu. Sai dai cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke zama aiki a ƙafafu ba ya kai kashi 10 cikin 100. Wannan asara, da wahalar neman ruwa a hanya, su suka ba injin dizal damar karɓe layin.