Ciwon Daji Na Gado: Abin Da Gwaji Yake Faɗa Wa Dangi



Idan mutum ya riga mu gidan gaskiya, sanarwar da akan yi ba ta wuce cewa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya ko doguwa. Wannan ladabi ne, ban kuwa zo don in kushe shi ba. Amma akwai gidajen da sanin sunan ciwon da ya yi ajalin uwa ko goggo yake iya tsirar da 'ya'yan da aka bari. A kan waɗannan gidaje zan yi magana.

Da farko dai kada hankalin kowa ya tashi. Cikin masu ciwon daji, watau sankara, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kaɗai nasu ya samo asali daga gado. Su ɗin ma ba ciwon suka gada ba, rauni suka gada. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, waɗansunsu kuwa aikinsu gyaran ɓarnar da ke aukuwa cikin ƙwayoyin jiki. Mai lafiyayyu biyu sai duka sun lalace kafin ciwo ya sami ƙofa. Wanda aka haifa da ɗaya a lalace, ɗaya tak ta rage masa, shi ya sa ciwon yakan kama shi tun da ƙuruciya. Alfred Knudson ne ya bayyana haka a 1971, bayan ya yi nazarin sankarar ido ta yara.

Likitoci sun daɗe da lura da irin waɗannan gidaje. A 1913 Aldred Warthin na Jami'ar Mishigan a Amurka ya buga tarihin dangin wata mai yi masa ɗinki, wadda ta gaya masa tana tsoron sankara ce za ta kashe ta kamar yadda ta kashe 'yan'uwanta. Haka kuwa aka yi. Yau ana kiran wannan gado da sunan likita Henry Lynch, ya fi kuma taɓa babban hanji da mahaifa. Na nono fa, Mary-Claire King ce ta nuna inda yake a 1990, aka ware ƙwayar BRCA1 a 1994, BRCA2 a 1995. Macen da ta gaji lalatacciyar BRCA1, haɗarin sankarar nono gare ta ya kai wajen kashi 70 cikin 100 kafin ta cika shekara 80. Kada a ce zancen Turawa ne: binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka buga a 2018, a kan mata fiye da 1,000 masu sankarar nono a Ibadan, ya sami lalatacciyar BRCA1 ko BRCA2 a jikin wajen kashi 11 cikin 100.

To, jama'a, mun saba da gwajin sikila kafin aure, sai dai lissafin ba ɗaya ba ne. Sikila sai uwa da uba sun haɗu suke ba yaro. Wannan kuwa ɗayansu ya isa, kowane ɗa ko 'ya kuma rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya kuɓuta. Sa'an nan namiji yana ɗauke da ita kamar yadda mace take ɗauka, har shi ma yakan yi sankarar nono, ko da yake ba safai ba. Saboda haka mai bin tarihin dangi ya tambayi goggonninsa kamar yadda zai tambayi innoninsa. Abin lura shi ne mutum biyu ko uku a tsatso ɗaya masu ciwo iri guda, ko wadda ya kama kafin shekara 50, ko wadda ya kama a nono biyu.

Gwajin kansa jini ne ko yawu, an fi so kuma a fara da wanda ya riga ya kamu. In an sami lalatacciyar ƙwaya, sai a shiga sa ido tun ba a ji ciwo ba: hoton nono kowace shekara daga wajen shekara 25, ko leƙa hanji da na'ura kowace shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro kafin ya rikiɗe. Waɗansu sukan zaɓi tiyata, kamar 'yar wasan Amurka Angelina Jolie da aka cire wa nono biyu a 2013. In ba a samu ba, ba a ce mutum ya fi ƙarfin sankara ba. Wani lokaci ma akan ga canjin da masana ba su tantance ma'anarsa ba, bai kuwa kamata a yanka kowa a kansa ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne, takardar sakamako sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, amma labarin ƙannensa da 'ya'yansa take bayarwa. A ganina ɓoye musu zalunci ne. Amma duk mun san yadda magana takan bazu a unguwa har manema su janye daga 'yan matan gida, alhali wataƙila rabinsu ba su gaji kome ba. Amurka ta yi doka a 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda irin wannan sakamako, amma babu dokar da za ta tilasta wa surukai. Don haka nake roƙon waɗanda za su riƙe asibitoci da ofisoshi a cikinku, kada a ɗebi jinin kowa sai an zaunar da shi an bayyana masa abin da zai iya ji, an kuma shirya da shi wanda za a gaya wa da yadda za a gaya masa.